Shafin Daudawar Tabawa

Ku samarin da kuke zama a bencin ƙofar shagona kuna jan rezo, wato intanet, ina jin abin da kuke faɗa. Kun ce rubuta wa ɗan kasuwa shafi a intanet aikin shan shayi ne: a ɗauki hoto, a rubuta "kaya masu inganci, farashi mai rahusa", a sa lambar waya, an gama. Ban ji haushi ba. Daga benci haka aikin yake. Zan dai gaya muku yadda ni na same shi, kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi.

Ban yi karatu mai nisa ba. Da na bar lakwal, wato makarantar boko, mahaifina ya kai ni wurin Malam Sanda, wanda ke rubuta wa mutane wasiƙa a inuwar bango kusa da gidan waya na Konni. Kayan aikinsa tebur ne mai gajeruwar ƙafa da ake tokarewa da dutse, da biro, da takarda, sai wani keken rubutu da ya saya daga baya. Aikina na farko share wurin da jawo wa masu zuwa kujera.

Wata tsohuwa ta taɓa zuwa za ta aika wa ɗanta da ke ci-rani a Abijan. Ta zauna ta fara: a gaishe shi, a gaida matarsa, a ce kowa lafiya, damina ta yi kyau, kada ya damu. Ni har na ɗauki biro, Malam Sanda ya dafa mini hannu. Ya sa aka kawo mata ruwa. Ya tambaye ta awakinta, ya tambaye ta ciwon gwiwa, ya tambaye ta ko ruwan shekaranjiya ya kai garinsu. Nan ta ce ya kai, har ma ya kayar da bangon ɗakinta, a zauren maƙwabta take kwana.

"To Inna, wanga ba mu sa shi ba?"

"Kai, kada a tada mai hankali."

"Mu sa shi ƙasa-ƙasa, bayan gaisuwa. In ya ji daga bakin wani, ya fi jin zafi."

Da ta tafi ya ce mini, "Abin da mutum ya fara faɗi, na bakin ƙofa ne. Ka zauna har ya shigo da kai ciki." Ban sami wani darasi da ya fi wannan ba, kuma da shi nake ci har yau.

Salula ta zo ta kashe wasiƙa. Na koma rubuta allunan shaguna da fenti, daga nan na koma buga takardu a kwamfuta. Irinku ne suka nuna mini inda ake dannawa, ban manta ba. Da 'yan kasuwa suka fara son a gan su a waya, sai suka tarar hoto kowa ya iya ɗauka, amma abin da za a rubuta ƙarƙashinsa ya gagara. Haka suka dawo wurina.

Kayan aikina yanzu kun san su: tsohuwar kwamfutar nan mai gurnani, da salula mai tsagaggen gilashi, da batirin mota don ranar da kuran, wato lantarki, ya ɗauke. Amma wadda ta fi su aiki ita ce 'yar kujerar katakon da nake ɗaurewa bayan babur, wadda kuke yi wa dariya. In ka je wurin mai sana'a ba ka da wurin zama, zai tashi ya ba ka nasa, ya bar aiki, ya koma yi maka hira irin ta baƙo. In ka zo da taka, ka raɓe gefe, jim kaɗan ya manta da kai ya ci gaba da abin da yake yi. Lokacin ne kake ganin abin rubutawa.

Illiya mai walda na Malbaza, shi ya zo da kansa ya ce in rubuta masa cewa babu kamarsa a Afirka ta Yamma.

Na ce, "Ka zagaya ta duka?"

Ya ce, "Na je Illela ta Najeriya, na je Tawa. Mi ya rage?"

Na ɗaura kujerata na bi shi. Rumfarsa tana bayan inda manyan motoci ke jiran lodin siminti. Na wuni ina kallo. Masu zuwa wurinsa ba masu son ƙofar gida ba ne, ko da yake hoton ƙofofi ya cika wayarsa. Direbobi ne, wani ƙarfen bodi ya tsage, wani marfin baya ya saki. Kowanne da tambaya guda yake isowa, tun kafin ya gama sallama: "Ana gamawa kafin layi ya zo kaina?" Shi kuma Illiya sai ya ɗora injinsa a kura ya tura har gindin motar, ya yi aikin a can, direba bai bar layi ba. Wannan abin bai taɓa ganin ya isa a faɗa ba.

Layin farko na shafinsa ya zama: "In kana layin siminti ƙarfe ya tsage, kada ka fita layi. Kira ni, ina zuwa da inji inda motarka take." Sai kwatance, yadda mutum zai yi wa mutum da baki: bayan masu tuwo, ka ga tsohuwar tayar tirakta, rumfar da ke kallon ta. Sai na sa cewa ranar Juma'a ba ya buɗewa sai an sauko daga masallaci. Na sa faransanci kaɗan a ƙasa saboda 'yan buro, masu aikin ofis. Hoto guda, ƙarami, don rezon wurin ba ya ɗaukar mai nauyi.

Kafin in saki shafin na karanta masa da ƙarfi. Wannan doka ce a wurina, ban taɓa karya ta ba: ba na sakin rubutu sai na karanta wa mai shi da bakina, yana ji. Da yawa daga masu saye wani ne zai karanta musu, don haka abin da bai zauna a kunne ba, bai zauna ba. Kuma mai sana'a in ya ji ƙarya a kansa, fuskarsa tana nunawa. Illiya ya saurara, ya ce, "Ina Afirkar?" Na ce ta tafi. Ya yi ta ƙorafi har na hau babur. Yanzu in na ratsa Malbaza shi ke sayen mini nama.

Wani aikin ba gano abin faɗi ne wuyarsa ba, abin da ba a faɗi ne. Malam Na-Allah na Badagishiri yana da lambun rani a cikin kwari, albasa da tumatir da kabeji, abin sha'awa. Ɗansa ya matsa a yi masa shafi don dillalan Yamai su san da shi. Na ɗaga waya zan ɗauki lambun, tsohon ya tare gabana da jikinsa.

"A'a, Malam. Duniya duka ta kalli gonata? Baki fa?"

Na ce to in rubuta yawan buhun da yake samu.

"Wanga ya hi muni. Ko matata ba ta sani ba."

Wani zai tsaya yi masa wa'azi ko ya yi masa dariya. Ni na ce ya ciro albasa guda ya raba ta biyu ya riƙe a tafin hannunsa. Ita na ɗauka, da hannun da ƙasar jikinsa. Na rubuta lokacin da ake cire ta, da yadda yake shanya ta don kada ta ruɓe a hanya, da cewa mai mota ya kira kafin ya taso. Ba a ga gona ba, ba a ji lissafi ba, dillalai kuma suka zo. Daga nan na ɗauka cewa kowace al'ada akwai hanyar da za a bi ta gefenta ba tare da an taka ta ba, kuma na ɗauka na iya gano hanyar.

Sai shekarar da aka rufe iyakarmu da Najeriya. Ku ma kun gan ta, amma kuna yara. Konni da iyaka take numfashi. Kaya suka daina shigowa, kuran ya koma sai an gan shi, motocin haya suka yi layi a tasha ba fasinja. Aikina a shekarar gogewa ne. In caja batir inda aka samu, in bi shafukan mutanena ina cire abin da babu. Wasu suka ce in bar shi, wa ya sani. Na ce mutumin da ya taso daga nesa saboda rubutuna ya tarar babu, ba zai ƙara yarda da ni ba, ba zai ƙara yarda da ku ba. Shafi ba allon fenti ba ne da ake kafawa a tafi. Kamar dabba yake, sai ana leƙa shi.

A ƙarshen wannan shekarar, bayan an gama girbi, Allah ya yi wa uwar yarana rasuwa.

Sunanta Tabawa. Sana'arta daudawar batso, wadda ake yi da gurguzu, wato 'ya'yan yakuwa, tana haɗawa da gabu da yaji. Tuni na yi mata shafi, kuma cikin duk waɗanda na yi babu wanda ya kai shi aiki. Da bakinta na rubuta shi: "Ni ce Tabawa, a Konni nake. Gurguzuna daga gonakin Dogarawa yake, ba na haɗa shi da komai. Ki kira ni, in ba direba kayan, ki karɓa a tasha." Masu sayar da abinci a Yamai da Agadas suka riƙe ta.

Ranar da nake rubuta shi, ina zaune a kujerata a tsakar gidanmu kamar kowane aiki, na tambaye ta, "Wa ke taya ki?"

Ta ce, "Mutane."

"Waɗanne mutane?"

Ta dube ni ta gefen ido. "Malam, in kai kana iya hwaɗin sunan, hwaɗi in ji."

Muka yi dariya, na wuce wurin. Mai taya ta ɗiyarmu ce ta fari. Ku yanzu kuna saɓa ɗan farinku a kafaɗa kuna ɗaukar hoto, ban ce laifi ba ne. Mu ba haka muka tashi ba. Ɗan fari ba ka kiran sunansa, ba ka yaba shi gaban mutane, ba ka zama hira da shi. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma yaron ya san haka. Da aka yaye ta mahaifiyata ta ɗauke ta zuwa Dogarawa, can ta girma. Shi ya sa ni da uwarta muke ce mata Ta Dogarawa, ko bayan ta dawo, ko bayan ta yi aure a unguwar da ke bayanmu, ta haifi nata.

Bayan an share makoki, wayar marigayiya ba ta daina ƙara ba, don shafin yana nan yana cewa "ki kira ni". Na zauna na gyara shi. Na rubuta cewa Allah ya yi wa Inna Tabawa rasuwa, iyalinta za su ci gaba da sana'ar. Na sa lambar Ta Dogarawa. Na ga kamar na bi ta gefe, yadda na saba.

Mutane suka kira suka yi gaisuwa. Babu wanda ya ce a aiko.

Hajiya Gambo, mai gidan abinci a Yamai, wadda ta fi kowa saye, ni ta kira. Bayan addu'a ta ce, "Malam, kada ka ji haushi. Na ga abin da ka rubuta. Iyali ba ya yin daudawa, hannu ke yi. Ni miyata da sunana take fita. Hannun wa zan saya?"

Na ce, "Akwai wadda ta iya, Hajiya."

"Wace ce?"

Na ce, "Cikin iyalin take."

Ta ce, "To ka gani. Kai ma da kake gidan ba ka faɗa ba. Allah ya jiƙan Tabawa."

Matan Dogarawa sun riga sun kawo gurguzun sabuwar shekara kamar yadda suka saba, yana jibge. Mijin Ta Dogarawa direban motar haya ne, motar tana tsaye tun rufe iyaka. Da daudawar nan gidansu ke ci. Wata safiya ta zo gaishe ni, ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta yi magana tana kallon ƙyaure.

"Baba, wata ta taya manyan tukwanen Inna. Na ce sai na ji daga gare ka. In ba a saye, ajiye su ba shi da amfani."

Ni ma ƙyauren na kalla na ce, "A dakata tukuna."

Washegari na ɗaura kujerata bayan babur, ko da yake tafiyar ba ta kai a hau babur ba. Surukina ya gan ni ina kwance ta a ƙofar gidansa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya tuna yana da wani uzuri a tasha. Na yi sallama na shiga. Ban taɓa wuce zauren gidan ba sai ranar.

Ta miƙe da sauri. "Lafiya, Baba?"

"Aiki na zo."

"Wane aiki?"

"Irin wanda nake yi. A ci gaba da abin da ake yi, kamar ba ni nan."

Na raɓe gefen rumbu. Da farko komai faɗuwa yake daga hannunta. Can aikin ya ɗauke ta. Tana da ɗan abin da ta dafa don masu saye na unguwa. Na ga yadda take sheƙe gurguzun, ta wanke, ta tsince tsakuwa da yatsa. Na ga wanda ya dahu, ta matse ƙwaya tsakanin yatsu biyu ta gani ko ta yi laushi. Na ga ruwan tokar da ta tace da kanta daga karan gero. Ta buɗe tukunyar da aka rufe tun kwanakin baya, ba ta leƙa ba, sai ta kawar da kai gefe ta shaƙa kaɗan, ta mayar da murfi ta ce wa kanta, "Sai gobe." Haka uwarta ke yi, har kawar da kan.

Na yi tambayoyina ina kallon murhu, tana ba murhu amsa.

"Tun yaushe ake yin wannan ba tare da an tambayi kowa ba?"

"Tun shekarar da kafaɗar Inna ta fara ciwo. Da fari ina yi tana shinshinawa ta ce ya yi ko bai yi ba. Daga baya ta bar shinshinawa."

"Wadda ake aikawa Yamai fa?"

"Duka."

Na san tana taimako. Ban san aikin ya koma hannunta gaba ɗaya ba, don ba abin da uwarta za ta zauna ta gaya mini ba ne, ni kuma ba abin da zan tambaya ba ne.

"Ta taɓa cewa an iya?"

Ta ɗan yi murmushi. "Inna? Sai dai ta ce ba laifi, tana kallon kaji." Ta ɗaga muciyar da ke hannunta, baƙa, bakinta ya cinye ta gefe guda. "Wagga dai ta ba ni. Ta ce ta yi mata nauyi."

Na san muciyar. Tun Tabawa tana amarya take da ita, ba ta bari ko maƙwabciya ta ara. Ba ta da wani nauyi.

A nan kan kujerar na rubuta, a salula. Na fara da bakinta, yadda nake yi wa kowa, "Ni ce wance", na ga ba zai yi ba. Mutumin da ba a sani ba in ya ce ya iya, bai ce komai ba. Abin da Hajiya Gambo ke nema shaida ne, kuma wadda ta fi cancanta ta ba da shi ba ta nan. Saura ni. Tunda nake aikin nan ban taɓa sa kaina cikin shafin wani ba. Na nemi hanyar gefe, na juya maganar ta nan, na juya ta can. Babu.

Da na gama, dokata ta tsaya a gabana. Na yi tunanin in miƙa mata wayar ta karanta da kanta, ta yi lakwal, ta iya. Amma Illiya da bakina na karanta masa, Malam Na-Allah ma haka, uwarta ma haka. Ita ma mai sana'a ce, a wurin aikinta nake zaune.

Na ce, "A saurara. In akwai abin da ba daidai ba, a faɗa."

Na karanta: "Ni ne mijin marigayiya Tabawa. Daudawar da kuke saye a shekarun nan na baya, ɗiyarmu ta fari ce ke yin ta, uwarta tana zaune gefenta. Sunanta Mariyama. Tukwanen su ne, gurguzun na Dogarawa ne, hannun kuma kun riga kun san shi. Na zauna na ga aikinta da idona. Ta iya. Ku kira ta."

Ba ta juyo ba. Ta ci gaba da juya abin da ke cikin tukunya, a hankali. Na jira, kamar yadda nake jiran kowa.

Can ta ce, "Baba, ka yi sauri a tsakiya. Ban ji da kyau ba."

Masu sana'a sukan ce haka, kuma ban taɓa ƙi ba. Na koma farko na sake karantawa, ban yi sauri ba.

Ta ce, "Ya yi."

Na saki shafin kafin in tashi. Hajiya Gambo ba ta kira ni ba, ita ta kira. Abin da suka faɗa ban sani ba, na dai ga surukina yana ɗaure kwali a bayan motar wani abokinsa mai zuwa Yamai. Daga baya na Agadas suka biyo. Ba duka suka dawo ba, amma waɗanda suka dawo sun isa a hura wuta ƙarƙashin manyan tukwanen. Suna nan inda suke.

To ga aikin, samari. Dannawa kun fi ni iyawa, ba na musu. Wanda ke son sauran, kujerar tana bayan ƙyaure, ya ɗauka ya je ya wuni wurin mai faci ko mai ƙosai, ya dawo ya gaya mini abin da masu zuwa ke tambaya. Daga nan sai mu fara.

Ni kuwa ina leƙa shafin lokaci-lokaci, don in ga ko lambar tana daidai, ko akwai abin cirewa. Har yau ban taɓa komai a ciki ba. In ta zo gaishe ni da safe, Ta Dogarawa nake ce mata, ita kuma tana amsawa tana kallon ƙyaure.